Gidan Tarihin Kalakuta a Ikeja: takalman Fela na nan, aƙidarsa sai ka tono

Gida ne mai lamba 7 a titin Gbemisola, ɗan titin da ya rabu daga Allen Avenue a Ikeja, bene mai hawa uku wanda in ba don kabarin da ke farfajiyarsa ba, kana iya wuce shi ba ka waiwaya ba. A nan Fela Anikulapo-Kuti, shahararren mawaƙin Afrobeat, ya yi shekarunsa na ƙarshe, a nan aka binne shi a watan Agustan 1997. Ranar 15 ga Oktoba 2012, ranar da da yana raye zai cika shekara 74, aka buɗe gidan ga jama'a a matsayin gidan tarihi, bayan gwamnatin jihar Legas ta zamanin Babatunde Fashola ta ba da naira miliyan 40 aka gyara shi. Abin dariya ne kuma ba na dariya ba: sojojin gwamnati ne suka ƙone gidansa na farko, gwamnati ce kuma ta biya kuɗin fentin na biyu.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne wurin ya cancanci rabin yinin duk wanda ya shiga Legas yana son sanin abin da ke riƙe zuciyar mawaƙi har ya sha duka da ɗauri bai rusuna ba. Sai dai gidan ya fi ƙwarewa wajen nuna kaya a kan bayyana mai kayan. Za ka ga riga, ka ga takalmi, ka ga ƙaho. Abin da mutumin ya yi imani da shi, wanda shi ya ba shi taurin rai kuma shi ya kai shi ya baro, wannan sai in ka zo da guzurinka na sani, ko ka iya tambaya.

Kuskuren da baƙi suka fi yi yana faruwa tun ba su iso ba. Wurare uku ake rikitawa. Akwai Kalakuta ta asali, wato gidansa na farko, lamba 14 a Agege Motor Road, wajen Idi-Oro a Mushin, wadda sojoji kusan dubu suka afka wa ranar 18 ga Fabrairu 1977 suka cinna mata wuta. Wannan babu ita, gwamnati ta ƙwace filin. Akwai gidan Gbemisola da muke magana a kai. Sannan akwai New Afrika Shrine a Agidingbi, gidan rawar da 'ya'yansa Yeni da Femi suka buɗe a shekarar 2000, wanda Fela bai taɓa taka ƙafa a ciki ba, don ya rasu shekara uku kafin a buɗe shi. In ka ce wa direba "kai ni wajen Fela", Agidingbi zai nufa da kai, ka tarar da rumfa fayau da rana tsaka, babu kowa sai masu shara da kujerun roba a jere. Ka ambaci titin Gbemisola da Allen da bakinka, ko ka rubuta sunan gidan tarihin a manhajar kiran tasi.

Kada ka dogara da acaɓa, tun 2022 aka hana su a ƙaramar hukumar Ikeja. Daga filin jirgin Murtala Muhammed tafiya ce 'yar gajera in hanya ta yi kyau. Wanda ya sauka a Agege yana iya shiga jirgin ƙasa na Red Line zuwa tashar Ikeja, ya ƙarasa da tasi ko ƙaramar bas. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin hantsi da azahar a ranar aiki, domin daga la'asar Allen kan cushe, tafiyar minti goma ta koma ta awa guda. Ka tuntuɓi gidan kafin ka taso, musamman in ku ayari ne, don ba katafaren wuri ba ne, mutum ashirin a matattakala ɗaya sai dai kowa ya kalli ƙeyar na gabansa. Sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa a zagaya ko'ina a natse. Ka nemi izini kafin ka ɗaga waya ɗaukar hoto, musamman a wajen kabari.

Kabarin shi za ka fara gani, kuma yawancin mutane sukan tsaya su ɗauki hoto su wuce. A tsaya a duba siffarsa. Dala ce, irin ta Masar, aikin mai zanen gine-gine Theo Lawson, wanda shi ne kuma ya tsara gyaran gidan. Ba ado ba ne kawai. A farkon shekarun 1980 Fela ya sauya sunan ƙungiyar makaɗansa daga Afrika 70 zuwa Egypt 80, bisa aƙidarsa cewa wayewar tsohuwar Masar ta baƙar fata ce, kuma ɗan Afirka ya nemi tushen iliminsa da ibadarsa a can, ba a Landan ko Rum ba. Binne maigida a cikin gidansa kuwa tsohuwar al'adar Yarbawa ce. Wato kafin ka taka dokin ƙofa, gidan ya riga ya faɗa maka abu biyu game da imanin mai shi, amma da kurman baƙi.

Ciki, bango ne ke magana: hotunan iyali, yankakkun shafukan jaridu na kame da shari'a, da bangon faya-fayansa, waɗanda Lemi Ghariokwu ya zana fiye da ashirin daga cikinsu. Waɗannan zane-zanen su ne mafi amfani ga mai son fahimta, don a cikinsu ake ganin soja da ɗan sanda da malamin addini da babban ɗan kasuwa yadda Fela yake ganinsu. A ba su minti goma sha biyar, ba biyu ba.

Ɗakin kwanansa shi ne zuciyar gidan. An bar shi yadda yake, ana leƙa shi ta gilashi. Ga wurin kwanciya, ga ƙahonsa na saksofon, ga riguna masu ɗinkin zare kala-kala rataye, matsattsu, irin na mutum siriri. Takalma kuwa jere suke reras, da yawansu an yi su da yadin da ya dace da wata riga, ka ga shuɗi da ratsin zinariya, ka ga ja da baƙi. Har kamfai an ajiye, kuma ba don a ba da dariya ba: da kamfai kaɗai yake karɓar baƙi a gida, ɗan jarida ne ko Bature mai kamfanin faifai. Mai kallo na iya ɗaukar wannan rashin kunya, kuma a ma'aunin tarbiyyar gidajenmu haka ɗin ne. A nasa lissafin, ƙin sa kwat da ɗamarar wuya a zafin Legas wani yanki ne na yaƙi da abin da yake kira tunanin mulkin mallaka. Ɗakin ƙarami ne, ba na attajiri ba, ga mutumin da ya cika manyan zaurukan Turai. Wannan kaɗai ya isa tambaya: ina kuɗin suka tafi? Sun tafi ciyar da ɗimbin mutanen da ke kwana a gidan, da lauyoyi, da siyasa, da sake gina abin da aka rushe.

Abin da kayan ba su faɗa ba

A nan gizo ke saƙar. Iyalin marigayin ne ke riƙe da gidan, kuma ba a tsammanin ɗa ya tsaya yana lissafa wa baƙo kurakuran ubansa. Yawan abin da za ka samu ya danganta da jagoran da ka dace da shi da irin tambayar da ka yi. Don haka ga zaren da ya kamata ka riƙe a hannu kana hawa matattakala.

Fela ɗan gidan coci ne gaba da baya. Kakansa, Josiah Jesse Ransome-Kuti, limamin Anglika ne mai tsara waƙoƙin ibada da Yarbanci, har ya je Landan a shekarun 1920 aka ɗauki muryarsa a faifai. Mahaifinsa, Israel Oludotun Ransome-Kuti, shi ma limamin coci ne, shugaban makarantar Abeokuta Grammar School, kuma shugaban farko na ƙungiyar malamai ta Najeriya. Mahaifiyarsa Funmilayo ce ta jagoranci matan kasuwar Abeokuta kan harajin da aka ɗora musu, har sarkin garin, Alake Ademola na biyu, ya sauka daga gadon sarauta a farkon 1949. Ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta yi takakkiya daga Arewa ta je gani a Abeokuta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ya saurari yadda Fela ke ba da waƙa 'yan amshi mata suna karɓa, da yadda yake tsayar da kiɗa ya yi dogon jawabi, zai ji wa'azi ne ya sauya riga. Ya bar cocin, bai bar mumbarin ba.

Juyin ya fara a Amurka a 1969, inda ya yi kusan wata goma, ya haɗu da wata 'yar gwagwarmaya, Sandra Smith, a Los Angeles, ta sa masa tarihin Malcolm X, jagoran gwagwarmayar baƙar fatar Amurka, a hannu. Abin lura ga mai karatu Musulmi: Malcolm X a Musulunci ya sami mafita, har ya yi aikin Hajji a 1964, amma Fela ya ɗauki siyasarsa ya bar addininsa. A ganin Fela, Kiristanci da Musulunci duk baƙi ne da suka zo suka raba ɗan Afirka da nasa, suka koya wa talaka haƙuri yayin da shugabannin addini ke cin daɗi. Ya faɗi haka a fili a waƙoƙinsa na ƙarshen shekarun 1970, da kalmomin da mai imani ba zai ji daɗinsu ba, har da kwaikwayon muryar masu ibada. A san da wannan kafin a zo. Ba sai ka yarda da shi za ka amfana da ziyarar ba, kuma sukar da ya yi wa masu cin abinci da addini, malamai da fastoci na gaskiya sun riga shi yinta. Inda ya zarce shi ne da ya haɗa mai gaskiya da maƙaryaci ya yi musu kuɗin goro.

A 1975 ya jefar da sunan Ransome, ya ce sunan bauta ne, ya ɗauki Anikulapo, wato wanda ya sa mutuwa a jakarsa. Gidan rawarsa ya kira shi Shrine, wurin bauta, kansa kuma babban limamin wurin. Da wannan laƙabin yake sayen fili a jaridu irin su Daily Times da Punch yana caccakar gwamnati. (Shrine ɗin shekarun 1970 a otal ɗin Empire yake, a unguwar da ake kira Moshalashi, kalmar da Yarbawa suka ara daga masallaci. Ikon Allah.) A cikin gidan rawar akwai wurin tsafi mai gumakan Yarbawa da hotunan Kwame Nkrumah da Patrice Lumumba da Malcolm X, daga baya aka ƙara na mahaifiyarsa. Tsakiyar wasa yakan dakata, fuska shafe da farar ƙasa, ya je gaban wurin ya zuba barasa a ƙasa, ya yi surkullensa, sannan a ci gaba da kiɗa. Wato a wurinsa magabatan siyasa da kakannin da ake roƙo layi ɗaya suke.

Mutuwar uwar ce ta zurfafa abin. A harin 1977, wanda ya biyo bayan faifan Zombie da ya yi wa sojoji ba'a, an jefo Funmilayo ta taga daga bene, ba ta ƙara samun lafiya ba har ta rasu a Afrilun 1978. Kwamitin binciken gwamnati ya ɗora laifin a kan sojan da ba a san ko wane ne ba. A 1979, dab da Obasanjo zai miƙa mulki ga Shehu Shagari, Fela da mutanensa suka ɗauki akwatin gawa suka ajiye a ƙofar barikin Dodan, fadar gwamnatin soja ta lokacin. Daga nan ya shiga neman magana da ruhin mahaifiyarsa, kuma ta wannan ƙofar wani boka ɗan Ghana da ake kira Professor Hindu ya shigo a 1981, mai wasan yanka mutum ya binne ya tono shi da rai a gaban jama'a. Gidan ya cika da zargin maita da masu hawan iska, aminai da yawa suka ja jiki. Manajansa Rikki Stein ya sha ba da labarin yadda kamfanin faifai na Motown ya kawo tayin dala miliyan ɗaya, Fela ya ce sai ya tambayi iskoki, iskoki suka ce a'a.

Tambayar da ta fi amfani a yi wa jagora ita ce ta ƙarshen rayuwarsa. Fela ya ƙi maganin asibiti, ya musanta cutar ƙanjamau, ya ƙi kororon roba. Ya rasu ranar 2 ga Agusta 1997 yana da shekara 58, kuma yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, shi ya fito gaban 'yan jarida ya ce ƙanjamau ce ta kashe shi, a lokacin da iyalai ke ɓoye sunan cutar kamar abin kunya. Wannan ma jarumta ce, irin wadda ba ta da ganga. Imanin da ya sa Fela ya ɗauka harsashi da kurkuku ba za su iya da shi ba, shi ne ya sa ya ɗauka ƙwayar cuta ma ba za ta iya ba. Gidan tarihin da ya nuna rabin farko ya yi shiru a kan na biyu bai gama aikinsa ba, kuma a nan ne Kalakuta ke da sauran gyara: allo ɗaya mai jerin shekaru, daga kakan mai waƙar coci zuwa sanarwar Olikoye, da zai wadatar.

Haka batun mata da na kuɗin makaɗa. A Fabrairun 1978 ya auri mata 27 a rana ɗaya bisa al'adar gargajiya, yawancinsu 'yan rawa da 'yan amshinsa, ya ce don ya rufe bakin masu kiransu karuwai bayan wulaƙancin da sojoji suka yi musu. A 1986, da ya fito daga kurkuku, ya saki waɗanda suka rage. Ɗan matar da ta yi yaƙin ƙwato wa mata haƙƙi ya rayu yana cewa mace a ƙarƙashin namiji take. Bayan wasan birnin Berlin na 1978 kuma yawancin makaɗansa suka watse saboda rikicin kuɗi, ana zargin zai zuba abin da aka samu a neman shugabancin ƙasa, kuma hukumar zaɓe ba ta ma yi wa jam'iyyarsa ta Movement of the People rajista ba. A wannan tsakanin ya rasa Tony Allen, mai gangar da aka gina kiɗan Afrobeat a kan hannunsa. Mai wa'azin adalci ga talaka, ga nasa ma'aikatan suna ƙorafin haƙƙi.

Duk da haka, kada a raina abin da ya biya. A 1984 gwamnatin Buhari ta kama shi a filin jirgi kan zargin fita da kuɗin waje, aka yanke masa shekara biyar, aka kai shi har kurkukun Maiduguri, Amnesty International ta ayyana shi fursunan ra'ayi, sai a Afrilun 1986 gwamnatin Babangida ta sake shi. Yana da hanyar zama a Turai cikin rufin asiri, bai zauna ba. A sana'a ma yana da ƙa'idar da ta ci masa kasuwa: waƙa ɗaya ta kai minti ashirin ko talatin, ba ya yanke ta don gidan rediyo, kuma da zarar ya sa waƙa a faifai ya daina yinta a dandali, komai roƙon 'yan kallo. In ka ga hoton ƙaninsa Beko a bango, ka tsaya: likita ne, asibitinsa na cikin Kalakuta ya ƙone a 1977, ya shugabanci ƙungiyar rajin dimokuraɗiyya ta Campaign for Democracy, Abacha ya ɗaure shi a 1995 sai 1998 ya fito. Gida ɗaya, taurin kai ɗaya, shi kuma ba da tsafi ba.

Saman bene akwai wurin shan iska da mashaya. Wanda ba ya zama inda ake sayar da barasa ya leƙa ya ga rufin Ikeja ya sauko, bai yi asarar komai ba.

Wanda ke son ya haɗa da Shrine a yini ɗaya, ga tsarin da ya fi sauƙi: gidan tarihi da hantsi, hutu da sallah da rana (babban masallacin sakatariyar Alausa na kusa da Agidingbi), Shrine da dare. Bisa al'ada Femi na gwaji ranar Alhamis, babban wasa ranar Lahadi, amma in yana yawon wasa a ƙasashen waje ba za ka same shi ba, don haka a duba shafinsu kafin a fita. Rumfa ce babba mai rufin kwano, ƙara mai yawa, hayaƙin taba da wiwi ba ya ɓuya, kuma kiɗa ba ya kankama da wuri. Ba wurin zuwa da yara ba ne, mai asma ma ya yi tunani. Ka shirya motar komawa tun kafin ka shiga. Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya je a Yulin 2018, abin da ya ɗaga sunan wurin, amma kada ka je da tsammanin ganin ibadar da Fela ke yi a tsakar dare. Abin da ya rage shi ne hotunan gwarazan Afirka a bango da zagin gwamnati tsakanin waƙa da waƙa.

Makon 15 ga Oktoba kuwa, lokacin bikin Felabration da Yeni ta assasa a 1998, shi ne mafi kyau ga mai son kiɗa kuma mafi muni ga mai son nazari. Ana yin muhawarar 'yan makaranta da taron lacca da rana, waɗannan sun fi dare amfani ga malami ko ɗalibi. Gidan tarihin kansa a bar shi sai mako ya wuce, lokacin da za ka iya tsayawa gaban gilashin ɗakin nan minti biyar ba wanda ke tura ka ta baya.